Abin da Kifi Ke Ci a Inda Kogi Ya Gamu da Teku

An shirya wannan bayani ne domin hakimai da malamansu, musamman waɗanda ƙasarsu ta ke bakin Kwara ko Binuwai, ko kuwa bakin wani kogi da ke zuba a cikinsu. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin teku ba, amma ruwan da ke wucewa ta ƙofar gidajenmu can ya nufa. Abin da ya ɗauka daga wurinmu kuwa, mai kyau da mummuna, shi ya ke kai wa kifayen can. Saboda haka ya kamata mai riƙon ƙasa ya san yadda abin ya ke.

Kogin Kwara ya taso ne daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya shigo Nijeriya. Tsawonsa duka wajen mil 2,600 ne. Gulbin Sakkwato da kogin Kaduna suna zuba a cikinsa, Gongola kuma tana zuba cikin Binuwai, sa'an nan manyan biyu su haɗu a Lakwaja. Daga kudancin Anaca sai kogin ya rarrabu, ya yi rassa masu yawa kamar yatsun hannu, ko wanne ya nemi hanyarsa zuwa teku. Ta ɗaya daga cikin rassan nan, wanda a ke kira Nun, Turawan nan biyu 'yan'uwan juna, Richard Lander da John Lander, suka fita zuwa teku a 1830. Mutanen Kano da Haɗeja kada su yi zaton da su a ke wannan tafiya. Nasu ruwan gabas ya ke yi, wajen tafkin Chadi, ba ya ganin teku ko kaɗan.

RUWAN ZARTSI

Wurin da bakin kogi ya buɗe cikin teku, shi za mu riƙa kira magama a wannan takarda. Akwai irinsu da yawa a gaɓar Nijeriya, kamar na Forcados da Brass da Bonny, da wanda ke kusa da Kalaba, da kuma babban tafkin nan na Ikko. Ruwan magama ba ruwan daɗi ba ne, ba kuma ruwan teku sosai ba. Gauraye ya ke, watau ruwan zartsi. In an ɗebi lita guda ta ruwan teku aka ƙafe ta, a kan sami gishiri wajen giram 35. Ruwan kogi ba shi da wani gishirin kirki. Na magama yana tsakani, kuma ba ya tsayawa a kan hali ɗaya.

Abu biyu ke jujjuya shi. Na farko, teku tana cikowa tana janyewa sau biyu cikin dare da yini. In ta ciko sai ta tura gishiri cikin ƙoramu, in ta janye sai ta bar fili na baƙin taɓo a shanye. Na biyu shi ne damina. Ruwan saman da Kano ke samu a shekara ba ya cika wuce inci 35, amma a bakin tekun nan ya kan haura inci 120, ga kuma cikowar Kwara da Binuwai da ke isa can wajen watan Oktoba. A lokacin nan ruwan daɗi ya kan rinjaya, ya kori gishiri baya. Da rani kuwa gishiri ya dawo ya hau can cikin ƙasa. A tafkin Ikko, ruwan da a tsakiyar damina kusan ba a jin gishirinsa, da rani sai ya kusa kamo na teku.

Mai hankali zai ce wurin da ba shi da tabbas haka ba zai yi kifi ba. To, ashe ba haka abin ya ke ba. Gaskiya ne irin kifayen da ke iya jure wannan jujjuyawa ba su da yawa, amma waɗanda suka iya, abinci ya yi musu yawa ainun. Wuraren nan suna cikin ruwayen da suka fi ko wanne albarka a duniya. Tambayar ita ce, ina abincin ya ke fitowa?

TUSHEN ABINCIN

Ba wata dabba da ke iya yin abinci da kanta. Tsiro kaɗai Allah ya ba wannan, da hasken rana da ruwa da iska da takin da ya ke sha. Saboda haka ko wane kifi aka kama, in aka bi sawun abin da ya ci, da abin da wannan abin ya ci, lalle a tsiro za a tuƙe.

A magama, wani tsiron ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Ƙanana ne ƙwarai, dangin gansakuka, suna yawo cikin ruwa kamar ƙurar da a ke gani in hasken rana ya shigo ɗaki ta ƙofa. Bari mu kira su ƙurar ruwa. Waɗansu danginsu ba sa yawo, a kan fuskar taɓo su ke kwanciya, su ne ke sa taɓon ya yi wani ƙyalli mai ruwan ƙasa-ƙasa in teku ta janye. Su kuwa taki su ke bukata kamar dawa. Wani sashi na takin teku ke kawowa, wani sashi kuma yana cikin jan ruwan nan da mu ke gani yana gangarawa daga gonakinmu bayan an ɗauke ruwan sama. Masuntan Yawuri sun san bambancin cikowa biyu na Kwara. Farin ruwa shi ne na daminarmu, mai kauri da laka. Baƙin ruwa kuwa shi ne wanda ya taso tun daga Gini, ya daɗe a fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, ya iso mana da hunturu a tace. Farin ruwan nan da na Binuwai su ne masu ɗauke da kaya.

Sa'an nan ga kurmin da ke bakin ruwan. Akwai wani itace da a ke kira mangurof, wanda ke tsayawa cikin ruwan zartsi a kan saiwoyi dogaye masu kama da ƙafafun gizo-gizo. Ba wata ƙasa a Afirka da ta kai Nijeriya yawan kurminsa. Ganyensa yana zuba cikin ruwa rani da damina. Amma ganyen nan yana da kauri da bauri, kifi kaɗan ne ke iya cinsa ɗanye. A nan ne abin mamakin ya ke.

Kowa ya san ba a jefa ƙwayar kalwa cikin miya yadda ta fito daga ɗorawa. Sai an dafa, an rufe, ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, kāna ta zama daddawa. Haka ganyen mangurof ya ke. In ya faɗo, ƙaguwa ta kan ja shi cikin raminta ta yayyaga. Ragowar kuma waɗansu ƙwayoyin halitta masu ruɓar da abu su kan hau shi, su cinye baurin, su yi ta haihuwa a jikinsa. Bayan 'yan makonni ko watanni sai ya koma baƙin gari mai laushi, ko wane ɓarɓashi lulluɓe da ƙwayoyin nan. Dabbar da ta haɗiye shi, ƙwayoyin ta ke narkarwa, ta kasayar da ɓarɓashin. Sababbin ƙwayoyi su sake hawansa, wata dabba ta sake ci. Ta haka ganye guda ya kan ratsa ciki da yawa kafin ya ƙare. Waɗansu masana biyu na Amurka, William Odum da Eric Heald, su ne suka bayyana wannan sosai, bayan sun bincika cikin kifaye masu yawa a kurmin mangurof na Fulorida wajen 1970.

Daga baya an sami wata dabara ta auna naman kifi a gane irin tsiron da asalin abincinsa ya fito. Da aka yi haka a ƙasashe dabam dabam, sai aka ga a wurare da yawa rabon ƙurar ruwa da gansakukar kan taɓo ya fi yadda a ke zato a da, na ganye kuwa ya fi ƙarfi a cikin ƙananan ƙoramu na tsakiyar kurmi. Wannan bai rage darajar kurmin ba. Saiwoyinsa ne ke riƙe taɓon, kuma cikinsu ne 'ya'yan kifi ke ɓuya.

MASU TACEWA DA MASU CIN LAKA

A 1973 malamai biyu na Nijeriya, Fagade da Olaniyan, sun buga bincikensu a kan abincin kifayen tafkin Ikko. Hanyarsu mai sauƙi ce: a kama kifi, a auna shi, a farke cikinsa, a duba abin da ke ciki da madubi, a rubuta. Da a ke yin haka wata bayan wata, sai aka ga kifayen sun kasu: masu cin ƙurar ruwa, da masu cin abin da ya kwanta a ƙasa, da masu farautar waɗansu.

Shugaban masu cin ƙura shi ne bonga. Wanda ya san kasuwannin kudu ya san shi, ɗan kifi ne fari mai faɗi mai yawan ƙaya, tsawonsa kamar taƙi guda ko fiye kaɗan, a banda a ke sayar da shi. Shi ba ya farauta. Bakinsa kawai ya ke buɗewa yana iyo, ruwa ya shiga ya fita ta kumatunsa. A cikin kumatun nan akwai waɗansu tsinkaye sirara jere kamar haƙoran matsefi, su ne rariyarsa. Ruwa ya wuce, ƙura ta tsaya, ya haɗiye. Da ya ke daga tsiro zuwa gare shi mataki ɗaya ne tak, shi ya sa ya ke da yawa garke garke, shi ya sa kuma ya zama kifin talaka tun daga Sanagal har Kamaru. Mu ma muna da mai irin wannan ci a ruwayenmu, watau bargi, ko da ya ke ba dangin juna ba ne. Kawa da ke manne a saiwoyin mangurof ita ma tacewa ta ke yi, sai dai ita daga zaune.

Masu cin laka sun fi ban sha'awa. Akwai wani kifi da Turawa ke kira malet, wanda ke kifa kai ƙasa yana zuƙar saman taɓo. In an farke shi sai a ga yana da ƙundu mai tauri kamar na kaza, cike da yashi, da shi ya ke niƙe abin da ya zuƙo, ga hanji dogo ƙwarai a nannaɗe. Ko a kogi, malami zai iya gane abincin kifi ta hanjinsa: na faliya da karfasa dogo ne, na tsage da giwan ruwa gajere. Abinci mara ƙarfi sai ya daɗe a ciki kafin a sami amfaninsa, nama kuwa ba ya bukatar doguwar hanya. A magama akwai wata irin karfasa mai baƙin haɓa, wadda namijinta ke riƙe ƙwai a bakinsa har su ƙyanƙyashe. Ita ma gansakuka da ruɓaɓɓen ganye ta ke ci. Ga kuma ƙananan katantanwa masu tsini, waɗanda ke rufe taɓo in ruwa ya janye, matan wurin suna tsince su kwando kwando.

Amma a ganina babu wanda ya kai jatan lande muhimmanci cikin wannan ƙungiya. Shi ke cin garin ganye da 'yan tsutsotsi da duk abin da ya mutu, shi kuma kusan kowa ke ci. Manyan irinsa a teku su ke zuba ƙwai. 'Ya'yan, tun suna kamar kan allura, cikowar teku ke shigo da su magama. Nan su ke kiwo 'yan watanni har su yi ƙarfi, sa'an nan su koma teku. Jiragen su da ke kama jatan lande a teku don sayarwa ƙasashen waje, abin da ƙoramun kurmi suka rena su ke girba, ko sun sani ko ba su sani ba.

MASU FARAUTA

Bisa waɗannan akwai masu cin nama. Wani dangin warushe yana laluben ƙasa da gashin bakinsa, yana cin katantanwa da ƙananan ƙaguwa. Wani kifi da a ke kira kuroka, saboda gurnanin da ya ke yi, jatan lande da ƙananan kifaye ne abincinsa. Barakuda dogo ne mai haƙora, halinsa ɗaya da tsage. Akwai ma wani ɗan kifi mai idanu a tsakar ka, wanda ke fita daga ruwa yana tsalle a kan taɓo yana kama ƙwari da 'ya'yan ƙaguwa. Bisa dukansu ga zalɓe da kada da ɗan Adam. Ayu kuwa, wanda masuntan Binuwai suka sani, yana shiga magama shi ma, amma duk girmansa ciyawa da ganye ya ke ci.

Kada mai karatu ya ɗauka an jera su ne sahu sahu, ko wanne da abinci ɗaya. Kifi yana sake abinci in ya girma. Kuroka tun yana ɗan mitsitsi ƙananan dabbobin cikin ƙurar ruwa ya ke ci, in ya ɗan tasa ya koma jatan lande, in ya ƙasaita ya kama kifi, har da ƙananan danginsa. Ƙaguwa tana cin mushen kifin da ya ci 'ya'yanta bara. Da damina, sa'ad da ruwan daɗi ya rinjaya, kifayen teku su kan ja baya, na kogi su gangaro su ci gonar da suka bari, da rani kuma a juya. In aka ja zare daga ko wane mai ci zuwa abin da ya ke ci, ba igiya guda za a samu ba, sai dai abu mai kama da taru. Wanda ya taɓa gyaran taru kuwa ya san in ƙulli ɗaya ya kwance, idanun da ke kewaye da shi duka sun buɗe.

Akwai wani lissafi da ya kamata malamai su riƙe. Wani masani Ba'amurke, Raymond Lindeman, shi ya fara tsara shi a 1942. Abin da dabba ta ci ba duka ke zama nama ba, mafi yawa ya kan tafi wajen motsi da numfashi da kashi. A bisa kintace, kashi ɗaya ne cikin goma ke wucewa daga mataki zuwa mataki. Watau kilo 1,000 na ƙurar ruwa ya ba da kilo 100 na bonga, wannan kuma ya ba da kilo 10 na barakuda. Dalilin da ya sa manyan kifaye masu farauta ba su da yawa ke nan, a teku ko a kogi. Giwan ruwa guda da aka ɗaga a Argungu, kifaye barkatai ne suka taru suka zama shi.

ABIN DA YA SHAFE MU

Guba tana bin hanyar nan da abinci ke bi, amma ita lissafinta a juye ya ke. Akwai irin gubar da jiki ba ya iya fitarwa. Ƙaramin kifi ya sha kaɗan, babba ya ci ƙanana ɗari ya tara nasu duka, mutum ya ci babban. A garin Minamata na ƙasar Japan, wata masana'anta ta daɗe tana zuba ruwa mai zaiba cikin gaɓar teku. A 1956 aka gane wata cuta ta ɓulla cikin iyalan masunta, mai kama jijiya da ƙwaƙwalwa, kuma kifin da su ke ci ne ya kawo ta. Mutane da yawa sun mutu, waɗansu an haife su da nakasa.

To, su da guba ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun da can a kan daka magimfa a zuba a ƙorama. Wannan ma ɓarna ce, domin tana kashe babba da yaro. Amma wadda ta fi muni ita ce ta zuba maganin ƙwarin gona, irin su Gammalin 20, wanda tun 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarinsa cikin waɗanda aka yarda a daina yi. Irin wannan ba ya lalacewa da wuri. Yana kashe kifi, yana kashe tsutsotsi da ƙwarin da kifi ke ci, ragowarsa kuma ta maƙale a laka ta bi ruwa. Mai zubawa ya kwashi kwando biyu yau, ƙauyuka goma na ƙasa da shi su rasa na shekara. Hakimin da ya ji labarin haka a ƙasarsa, bai kamata ya bar shi a hannun dagaci kaɗai ba. Ya kira Sarkin Ruwa, ya sanar da ma'aikatan kula da kifi, a rubuta sunan ƙoramar da ranar da abin ya faru.

Sai maganar madatsun ruwa. An gama ta Kainji a 1968, daga baya aka yi ta Jebba da ta Shiroro, Kamaru kuma ta gama ta Lagdo a kan Binuwai a 1982. Ba mai musun amfaninsu. Amma ruwa in ya tsaya a bayan madatsa, lakarsa ta kan kwanta nan, wanda ya wuce ya wuce a tace, lokacin cikowa kuma ya koma hannun masu buɗe ƙofa. Abin da wannan kan jawo an gan shi a fili a Masar. Kafin a datse Nilu a Aswan, cikowarsa ta ko wace shekara ta kan zuba taki cikin Bahar Rum, ƙurar ruwa ta tashi, sardin ya biyo. A 1962 an kama sardin wajen tan 18,000 a gaɓar Masar. A 1968, bayan madatsar ta tsare cikowa, abin da aka kama bai kai tan 1,000 ba. Daga baya kifin ya farfaɗo, kuma masana da yawa suna ganin takin zamani da ke zurarewa daga gonaki da ƙazantar birane ne suka maye gurbin lakar. Wannan kuwa ba abin dogara ba ne, domin in irin wannan taki ya yi yawa sai gansakuka ta cika ruwa, ta mutu, ta ruɓe, ta shanye iskar da kifi ke shaƙa.

Kada kuma wani ya ce tun da laka abinci ce, to, zaizayar ƙasa alheri ce. Abin da a ke so shi ne lallausar lakar da cikowa ke ɗaukowa daga fadama a hankali. In aka sare itatuwan bakin kogi, aka yi noma har gaɓa, yashi ne ke zubowa, ya cike gurbin da kifi ke kwana, gona ta tafi, ruwa ya lalace.

Mutanen magama suna da nasu matsalolin da ba daga gare mu suka fito ba. Tun da aka sami man fetur a Oloibiri a 1956, malalarsa ta kashe kurmi a wurare da yawa, kuma rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a kan ƙasar Ogoni a 2011 ya nuna man ya shiga taɓo da ruwan sha. Wani irin kaba da aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906 ya bazu yana ƙwace wurin mangurof, shi kuwa ba shi da saiwoyin da kawa za ta manne ko 'ya'yan kifi su ɓuya. Ana kuma saran mangurof ɗin don bandar bongan da shi kansa kurmin ya taimaka wajen renonsa.

Aikin da Fagade da Olaniyan suka yi a Ikko, malamin hakimi zai iya yin ƙaraminsa ba tare da madubi ba. Sau ɗaya a wata, ranar kasuwa, ya je inda mata ke gyaran kifi, ya nemi a buɗe masa cikin iri uku ko huɗu, misali karfasa da tarwaɗa da ƙurungu da tsage, guda biyar biyar. Ya rubuta sunan kifin, da tsawonsa, da inda aka kamo shi, da abin da ya gani a ciki: laka ce, ko ganye, ko katantanwa, ko ƙwari, ko kifi, ko kuwa cikin wofi ne. Ya ƙara da halin ruwa a ranar, ko yana cikowa ko yana ja, fari ne ko baƙi. Ya tambayi tsofaffin masunta sunayen kifayen da a da a ke kamawa yanzu ba a gani, ya sa su a shafi dabam. Littafin ya zauna a ofishin hakimi, in ma'aikacin kifi ya zo rangadi a nuna masa.